Tiyatar Ƙashin Baya Ta Gaba: Abin da Ya Kamata Mutumin Illela Ya Sani Kafin Ya Dangwala Yatsa

Abu na farko da kan ɗaure wa dangin majiyyaci kai shi ne wurin da likita ya nuna da yatsa. Ciwo yana baya, ƙafafu sun daina ɗaukar jiki, amma likita ya ce a gaban wuya za a yi yanka, ko a gefen ƙirji, ko a ƙasan cibiya. Daga nan sai a miƙo takarda da aka rubuta da Turanci, a ce wa uba ko miji ko babban wa ya sa hannu, in bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa.

Ga mutumin da aka ɗauko daga Illela, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, wannan takarda tana zuwa ne bayan tafiyar fiye da kilomita 80 ta Gwadabawa da Kware zuwa Sakkwato, bayan an sayar da dabba ko hatsi, bayan kowa ya gaji. A irin wannan hali mutum ba ya tambaya. Amma wannan tiyata tana cikin waɗanda suka fi buƙatar tambaya, domin mafi yawan haɗarinta ba a jikin ƙashin yake ba, a kan hanyar da likita zai bi ya isa ƙashin yake. Dokar ƙasa kuma ta ba majiyyaci haƙƙin a faɗa masa wannan haɗari cikin harshen da yake ji.

Me ya sa ake shiga ta gaba?

Ƙashin bayan ɗan'adam jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka ɗora kan juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne da juna a ƙasa. Kowane ɗaya yana da dunƙulallen jiki ta gaba, wanda shi ke ɗaukar nauyi, da kuma zobe ta baya. Zobunan nan idan suka jeru sai su zama rami mai tsawo, kuma cikinsa laka take bi, wato igiyar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannaye da ƙafafu da mafitsara da hanji. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai aikin matashi.

Tudun da mutum ke ji idan ya shafa bayansa wutsiyar zoben ce kawai. Jikin ƙashin da faifan suna can ciki, a gaban laka. To, yawancin abubuwan da ke danne laka daga gaban suke tasowa: faifan da ya fashe ya turo baya, ƙashin da ya farfashe a hatsari, ko ruwan mugunya da ruɓaɓɓen ƙashi da cutar tarin fuka ta tara. Likitan da ya shiga ta baya zai tarar da laka ta tare masa hanya, ita kuwa a wuya da ƙirji ba ta jure a ture ta. Wanda ya shiga ta gaba zai isa wurin ciwon kai tsaye, ya cire abin da ke dannewa, ya cike gurbin da ɗan ƙashin da aka yanko daga ƙugun majiyyacin ko haƙarƙarinsa, ko da ƙaramin kejin ƙarfe, sannan sau da yawa ya ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi.

Ba sabuwar dabara ba ce. A shekarun 1950 likitoci biyu, Robert Robinson da George Smith, suka bayyana hanyar shiga ta gaban wuya a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, kuma a 1958 Ralph Cloward ya wallafa tasa hanyar daga Hawaii. A 1956 Hodgson da Stock suka bayyana yadda suke buɗe ƙirji su kwashe ruɓaɓɓen ƙashin masu tarin fuka a Hong Kong, har aikin ya ɗauki sunan birnin. Wato tun farko cutar talakawa ce ta haifar da ɗaya daga cikin manyan hanyoyin nan.

Su wa ke buƙatarta a yankin Illela?

Rukuni na farko waɗanda hatsari ya rutsa da su. Illela gari ne na safara. Manyan motocin kaya suna tsallakawa zuwa Birnin Konni, kasuwar dabbobin garin tana jawo fatake daga ƙasashen biyu, 'yan kabu-kabu kuma suna ɗaukar mutane da kaya ba dare ba rana. Faɗuwa daga babur ko daga saman kayan mota na iya karya ƙashin wuya, kamar yadda faɗowa daga bishiya ko ruftawar gini ke karya na ƙugu.

Rukuni na biyu masu tarin fukan ƙashin baya, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779. Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu kamuwa da tarin fuka, kuma idan ƙwayar cutar ta bar huhu ta shiga ƙashi, ƙashin baya ta fi kamawa. Tana farawa da ciwon baya mai naci, da zazzaɓin dare, da rama. Tana cin jikin ƙashi ta gaba har ya rufta, sai doro ya fito, daga baya ƙafafu su fara nauyi. Ba lallai ne mai ita ya yi tari ba, shi ya sa ake yawan ɗauka sanyin ƙashi ne, ko sammu, ko aikin iska.

Rukuni na uku waɗanda shekaru ko ɗaukar kaya masu nauyi suka cinye musu faifan wuya ko na ƙugu, har hannaye suka fara mutuwa, tafiya ta koma ta tangaɗi.

A nan akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe: ba kowane ciwon baya ke buƙatar wuƙa ba, kuma ko tarin fukan ƙashin baya, mafi yawan masu shi magani ke warkar da su. Gwaje-gwajen da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta gudanar tun daga shekarun 1960 a Koriya da Bulawayo da Hong Kong da Madras sun nuna cewa shan magani kaɗai yana warkar da akasarin majiyyata, ita kuma tiyata tana sa ƙashi ya haɗe da wuri kuma ta rage girman doro. A Najeriya maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe, kuma na ƙashi ana shan sa wata 12. Ana zuwa ga tiyata ne idan laka ta dannu, ko ƙashi ya kasa tsayuwa, ko doro yana ƙaruwa, ko magani bai ci ba. Jinkiri ne ke mayar da cutar da ƙwaya za ta iya kashewa ta zama ta ɗakin fiɗa.

Ƙofa ta farko: gaban wuya

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi a duniya. Likita zai yi ɗan yanka a kan layin fatar wuya, ya ture bututun numfashi da bututun abinci gefe guda, ya ture babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ɗaya gefen, ya bi ta tsakaninsu. Ba ya yanka tsoka mai yawa, shi ya sa zafin bayan aiki bai cika tsanani ba.

Matsalar da aka fi gani ita ce wahalar haɗiya, saboda bututun abinci ya sha matsi. Yawanci tana wucewa cikin makonni, ko da yake wasu kan daɗe da ita. Sai dushewar murya, idan jijiyar da ke motsa maƙogwaro ta miƙe ko ta ƙuje. Ga yawancin mutane muryar tana dawowa, ga kaɗan ba ta dawowa yadda take. Limami ko malamin aji ko mai shela a tasha yana da dalilin neman a gaya masa wannan tun kafin a kwantar da shi.

Wanda ya fi gaggawa shi ne taruwar jini a cikin raunin bayan an ɗinke. Wuya ba shi da fili, don haka jini kaɗan ya isa ya matse bututun numfashi. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru, mintuna ne tsakanin rai da mutuwa, kuma ya fi aukuwa a kwana na farko zuwa na biyu. Wanda zai ceci majiyyaci a lokacin shi ne ma'aikacin jinyar da ke farke da ƙarfe biyun dare ya lura wuya yana kumbura, da likitan da zai iso nan take ya warware ɗinkin. Hujewar bututun abinci ma ba ta cika faruwa ba, amma idan ba a gano ta da wuri ba tana kai ruɓa cikin ƙirji.

Ƙofa ta biyu: gefen ƙirji

Tarin fuka ya fi kama ƙasusuwan bayan ƙirji da na saman ƙugu. Don isa wurin ta gaba, ana kwantar da mutum ta gefe, a buɗe tsakanin haƙarƙari, sau da yawa a cire guda ɗaya, a kuma sace iskar huhu ɗaya don a samu wurin aiki. Muddin ana aikin, huhu guda ne ke riƙe da rai, abin da ke buƙatar ƙwararren likitan sa barci. Bayan an gama, ana barin roba a ƙirji na wasu kwanaki don fitar da jini da iska.

Haɗarin nan ya haɗa da ciwon huhu bayan aiki, musamman ga wanda tarin fuka ya riga ya raunana huhunsa, da raunin babbar jijiyar jinin da ta taso daga zuciya, wadda ke kwance daf da ƙashin. Akwai kuma wata ƙaramar jijiya da ke ciyar da ƙasan laka da jini, wadda idan ta toshe ƙafafu na iya shanyewa ko da wuƙa ba ta taɓa lakar ba. Wasu majiyyata kuma sukan daɗe da raɗaɗi a layin haƙarƙarin. Nauyin wannan aiki ne ya sa likitoci da dama a yau suke zagayowa ta baya ko ta gefe su isa gaban ƙashin ba tare da buɗe ƙirji ba, inda yanayin ciwon ya ba da dama.

Ƙofa ta uku: mara

Ƙasusuwan ƙugu suna bayan hanji. Likita kan shiga ta ƙasan ciki, ya ture jakar hanji gefe ba tare da ya buɗe ta ba. A daidai nan ne manyan jijiyoyin jini biyu na jiki suke rabuwa zuwa ƙafafu, kuma wadda ke dawo da jini daga ƙafar hagu tana gitta gaban ƙashin. Bangonta siriri ne. Idan ta yage, jini mai yawa yana zuba cikin ɗan lokaci. Saboda haka a manyan asibitocin duniya akan gayyato likitan jijiyoyin jini ya buɗe hanya, sannan likitan ƙashin baya ya shiga.

Akwai haɗarin raunin bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, da tsayawar hanji na 'yan kwanaki, da daskarewar jini a ƙafa wanda zai iya tafiya huhu. Sai kuma wanda kunya ke hana a faɗa. A gaban ƙashin ƙugu na ƙarshe akwai wasu siraran jijiyoyi da ke rufe bakin mafitsara lokacin saduwa. Idan suka lalace, maniyyi yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito. Ƙarfin namiji yana nan, amma haihuwa tana iya yin wuya. Kaɗan ne cikin ɗari abin ke samu, wasu kuma suna warkewa da kansu. Duk da haka, saurayin da bai yi aure ba ko magidancin da ke neman haihuwa shi ya kamata a gaya wa, a keɓe, ba kawunsa da ya sa hannu a madadinsa ba.

A dukkan ƙofofin uku akwai haɗarin da suka yi tarayya a kai: shigar ƙwayoyin cuta cikin rauni, yoyon ruwan laka, gocewar ƙarfe, ƙin haɗewar ƙashi, da ƙaruwar shanyewar da aka shiga gyarawa. Sannan tiyata tana cire abin da ke danne laka ne, ba ta haɗa lakar da ta tsinke. Duk wanda ya yi wa dangi alkawarin cewa wanda lakarsa ta yanke zai tashi ya yi tafiya bayan aiki, a nan gida ko a Indiya ko Masar, a bincike shi da kyau kafin a sayar da gona.

Haɗarin da ba ya cikin littafin likita

Idan aka sake duba jerin nan, za a ga kowane haɗari yana da abin da ke tare shi. Zubar jini tana buƙatar jinin da aka tanada kafin a fara. Matsewar numfashi tana buƙatar ma'aikatan jinya isassu da dare. Buɗe ƙirji yana buƙatar sashen kulawa ta musamman, da iskar oksijin, da lantarkin da ba ya yankewa. Sanin ainihin wurin ciwo yana buƙatar na'urar MRI mai aiki, da na'urar hoto a cikin ɗakin fiɗa don kada a yi aiki a kan ƙashin da ba shi ne ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da likita ke sayowa da albashinsa. Kasafin kuɗi ne ke kawo su.

Sakkwato ba ta rasa ƙwararru ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta shiyya, wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu ke haɗe da kafuwarta, kuma tana karɓar majiyyata daga Kabi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar. Akwai asibitin ƙashi na jiha a Wamakko, sannan a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala. Wannan aiki ba na babban asibitin ƙaramar hukuma ba ne a ko'ina. Aikin asibitin ƙaramar hukuma shi ne ya gane alamun da wuri, ya fara maganin tarin fuka, ya tura wanda ke buƙatar turawa cikin motar da ta dace.

A nan ne ratar take. Bincike ya nuna cewa wanda hatsari ya danne wa laka ya fi samun sauƙi idan aka yi masa aiki cikin awa 24 na farko. Mutumin da aka ciccibo daga bakin titi da hannuwa, aka naɗe shi a kujerar baya ta ƙaramar mota, kansa yana lilo har Sakkwato, zai iya rasa abin da ya rage na lakarsa a hanya. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: a kwantar da shi a kan abu mai faɗi da tauri, a tallafe kai da wuya kada su juya, a ɗaga shi gaba ɗaya kamar gungume. Masu ɗori suna da tarihi a karayar hannu da ƙafa, amma ja da murɗa ƙashin baya da ya karye na iya mayar da raunin da ke warkewa ya zama na har abada.

Siyasar iyaka ma tana shiga ciki. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka sake buɗe ta Illela a Disamban 2020. An kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Kowane rufewa yana karya cinikin da iyalai ke biyan kuɗin asibiti da shi, yana kuma tsawaita hanyar majiyyacin Konni da Sakkwato ta fi masa kusa fiye da Yamai. Yanzu ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2024, kuma daga Illela ta faro. Titi mai kyau yana ƙara gudu. Tambayar da ta dace a yi wa masu tsara shi ita ce ko akwai motocin ɗaukar marasa lafiya da wuraren agajin gaggawa a cikin tsarin.

Abin da doka ta ce

Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace hanya, da kuma haƙƙinsa na ƙin amincewa. Sashen ya ƙara da cewa, inda hali ya yi, a yi bayanin cikin harshen da majiyyacin ke fahimta, tare da la'akari da matakin karatunsa. Sashe na 20 ya haramta ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Kundin haƙƙin majiyyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Yulin 2018 ya nanata waɗannan.

Ta fuskar kuɗi, dokar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun don agajin gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta mayar da inshora tilas, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihar Sakkwato tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta SOCHEMA. Amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita, kuma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa kashi 15 cikin 100 da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001 ba. Ƙarafan da ake sa wa ƙashin baya galibi daga waje ake shigo da su, don haka duk faɗuwar naira tana isa gadon majiyyaci.

Tambayoyin da suka dace kafin sa hannu

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Majiyyaci ko wakilinsa yana iya tambayar likita, cikin ladabi: mene ne ainihin abin da ke danne lakar, kuma me zai faru idan ba a yi aikin ba? Me ya sa aka zaɓi gaba a kan baya? Shin manufar aikin a dawo da tafiya ne, ko a hana ciwon ƙaruwa? An tanadi jini, kuma leda nawa? Akwai gado a sashen kulawa ta musamman? Wa za a kira idan wuya ya kumbura da dare? Nawa ne kuɗin gaba ɗaya, har da ƙarfe da gashin ƙashi na bayan aiki? Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin su ne shi ma yake yi wa kansa kafin ya wanke hannu.

Akwai kuma tambayoyin da ba na likita ba ne. Ɗan majalisar da ke wakiltar Illela da Gwadabawa a Abuja, da wakilin Illela a majalisar jiha, da shugaban ƙaramar hukuma, su ne ya kamata su faɗi nawa aka ware wa motocin ɗaukar marasa lafiya a kan titin Sakkwato zuwa Illela, nawa aka saki, da kuma cibiyoyi nawa a ƙaramar hukumar ke iya gwajin tarin fuka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu a rubuce daga hukumomin gwamnati, kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.